Saɗarar da Na Sauya a Takardar Ungozoma

Bana shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar ƙanwata Rabi. Lissafin ba ya ɓace mini, domin ta rasu ne a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, cikin damina, gero ya fara fid da kai. Ni na riƙe ta tun bayan rasuwar mahaifinmu, ni kuma na aurar da ita ga Isuhu, wani mai sayar da hatsi a Batagarawa.

A wannan shekara ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka fara dawowa da ayyukansu. Wata daga cikinsu ta zo da shirin koyar da ungozomomi. Mutane ba su saki jiki ba, ana ta raɗe-raɗin dabara ce ta rage mana haihuwa, ni ma ina cikin masu wannan zato. Duk da haka wata ma'aikaciyar jinya, Sista Binta, ta tara ungozomomin ƙauyuka ta koya musu, aka ba kowacce akwati mai sabulu da reza da zare da safar hannu. Akwai kuma takarda mai bayanin alamomin haɗari, amma da boko aka rubuta ta, su kuwa waɗanda suka iya karatu a cikinsu allo suka yi. Sai aka kawo mini ita zaurena a Ƙofar Kwaya, inda nake rubuta wa mutane wasiƙu, aka ce in mayar da ita ajami.

Sista ta karanta mini, ina rubutawa a gefe, na ce ta dawo jibi. Komai na rubuta yadda yake, sai saɗara guda. Cewa aka yi idan jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa har ya jiƙa zane biyu, a ɗauki mace a kai ta asibiti nan take, kada a jira mai gida. Na daɗe riƙe da alƙalami. Na ga kamar baƙi ne ke son koya wa matanmu fita ba izini, kuma da hannuna. Sai na rubuta: a aika wa mai gida da gaggawa, in ya zo a tafi. Sista ba ta karanta ajami. Ta yi godiya, ta yaba kyan rubutun, aka buga takardar da yawa aka raba.

Bayan wata biyu Rabi ta haihu, haihuwarta ta huɗu, da hantsi, ranar da Isuhu ya tafi cin wata kasuwar ƙauye. Ungozomarta Inna Dije ce, ɗiyar malamai, tana cikin waɗanda aka ba akwati. Jariri ya faɗo lafiya, mace. Jini bai tsaya ba. Inna Dije ta tashi mai babur ya bi Isuhu, ta zauna tana jira. Akwai mai a-kori-kura a bakin layin, yana nan tun safe bai sami lodi ba. Isuhu bai iso ba sai bayan azahar. Kafin su shigo da ita birni Rabi ta cika a bayan motar.

Ni na ja sallarta. Ban yi kuka ba ranar, ban yi daga baya ba. Na zauna a tabarma kwana uku ina amsa gaisuwa, bakina yana faɗin abin da ake faɗa. A nan na ji ana cewa sakacin ungozoma ne, an koya mata ta ƙi bi. Aka karɓe akwatin Inna Dije, gidaje suka daina kiranta, Isuhu ya daina gaishe ta. Na ji duk wannan, na yi shiru. Ban yanke shawarar ɓoyewa ba. Kullum dai sai in ce gobe, har goben ta daina zuwa mini a rai.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me Rabi za ta ce in ta ga zamanin nan. Mace ce mai tsokana, ina jin wayar hannu za ta fara yi wa dariya, ta ce ashe abin da rashinsa ya hana ta kwana a duniya yau tsohuwa ma na da shi ƙulle a bakin zane. Za ta ga mata cike da keke mai ƙafa uku suna tafiya awon ciki, babu mai kallonsu sau biyu. Za ta ji a rediyo ana cewa masu agajin nan sun fara janye hannu, ana tambayar wa zai ɗauki nauyin in sun tafi. Ban san amsar ba. Abin da na sani, a gidanmu taimakon ya iso har bakin zaure, a hannuna ya lalace.

Watan jiya aka yi shelar za a duba tsofaffi kyauta, ido da hawan jini, a wani ƙaramin asibiti wajen Ƙofar Sauri. Na je don idona. Ina kan benci aka zaunar da wata tsohuwa a bencin mata da ke kallon namu, ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi. Da ta amsa gaisuwar wata na gane muryar.

Muka gaisa, gida da iyali da gajiya. Ta ce, “Malam na Ƙofar Kwaya? Kai ma tsufan ya kamo ka? Da na ce masu tawada ba su tsufa.”

Na ce, “Inna, akwai maganar da ta kamata in yi maki tun shekarar da Rabi ta rasu. Takardar nan, ba haka Sista ta karanta mani ba. Ni na sauya.”

Ta ce, “Ai na sani ba ɗaya ba ne. Sista da bakinta ta ce mana a tahi. Takardarka ta ce a jira. Na duba na ga rubutun malam ne, irin wanda babana ke yi, na ce to wannan shi ne hukunci, Sista boko ta sani.” Sannan ta ce, “Ashe ba hukunci ba ne?”

“Ba hukunci ba ne, Inna. Addini bai hana a ceci rai ba, kuma na san haka tun a lokacin. Son raina ne.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “To mi kake so in yi da ita yanzu? Hannun nan ko allura ba ya riƙewa. In kana son ta yi amfani, kai wa Isuhu. Ba ni son in mutu yana ganina a wadda ta kashe mashi mata.”

Ranar Juma'a bayan masallaci na je Batagarawa. Na sami Isuhu a rumfarsa da mutum uku, ban ce su tashi ba. Na faɗi komai. Ya saurara yana ta daidaita bakin tiya da tafin hannu, bai dube ni ba. Da na gama ya ce, “Yaya Malam, da ka bari har mun haɗu a can lahira.” Sannan ya tambaye ni unguwar da Inna take zaune yanzu. Washegari muka je tare, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta, ta amsa kamar jiya suka rabu.

Abin da ya rage na Rabi ba shi da yawa. Babu hotonta ko ɗaya. Akwai 'ya'yanta huɗu, har da ɗiyar da ta bari ranar, wadda aka mayar wa sunanta, yanzu ita ma uwa ce. Akwai kuma wannan magana, da na rubuta yau yadda take, ban sauya komai ba.

Da za mu fito na roƙi Inna Dije gafara. Ta ce, “Nawa na yahe maka, Malam, duniya da lahira. Na Rabi kuwa ba a hannuna yake ba.”

Allah Ya yi wa Rabi rahama, Ya haskaka makwancinta, Ya sa in mun haɗu ta saurare ni.