Baƙin Bukkar Harker

Mervyn Coghlan ya yi shekara arba'in yana yankan katako a garin Hokitika. Da ya ajiye aiki sai ya koma ga abin da ya fi iyawa, wato hawan dutse da jaka a baya. Shekarunsa saba'in da ɗaya, gwiwarsa ta hagu ta daɗe da daina jin maganarsa, amma sau huɗu a shekara sai ya je bukkar Harker, wani masaukin matafiya can cikin duwatsu. Kwana uku ne a ƙafa, in kogi ya yarda.

Wanda bai taɓa yi ba sai ya ɗauka yawon shan iska ne. Tun ranar farko takalmi ke jiƙewa, kuma ba zai bushe ba sai an koma gida. Ka tsaya cin burodi da cuku, ƙananan ƙudajen nan masu cizo su yi maka rubdugu, dole ka ci kana tafe. Merv kan tsallaka kogi da sanda, ruwa iya ƙugu, sanyi kamar ana sarar masa ƙafa. Da can su huɗu ne suke tsallakawa a jere, kowa riƙe da ɗan'uwansa: shi da matarsa Glenys, da abokansa Noel da Tipene. Su ne ma suka hau da kwanon rufin bukkar a bayansu. Yanzu duk ƙasa ta rufe idonsu, sai shi kaɗai.

Daɗin abin bai taka kara ya karya ba, amma ya ishe shi. Busasshiyar safa da yake ɓoyewa a leda, baƙin shayi mai sukari cokali uku, da ƙarar ruwa a kan kwano alhali kana ciki.

Ana nan sai wasu mazauna ofis, waɗanda ba su san wani tudu ba sai matakalar bene, suka yanke cewa duk bukkar da ba ta samu baƙo ashirin a shekara ba, to za a rushe ta. Shaidarsu ita ce littafin da ke kan tebur, inda kowane matafiyi ke rubuta sunansa da inda ya dosa. Merv ya buɗe na Harker, ya tarar da sunansa sau huɗu, babu na kowa.

Daga nan ya fara zuwa da biro kala uku. Yakan karkata hannu ya rubuta, "Noel Brosnan. Ruwa ya hana mu sakat." Ya sauya biro: "Tipene Ruwhiu. Na ga barewa biyu, na ƙyale su." Glenys kuwa, a littafin, kullum ƙorafi take a kan masu barin kofi ba wanki. Ya san ƙarya ce tsagwaronta. Amma in ya gama yakan karanta da ƙarfi, har ya mayar wa Noel magana, ya ji kaɗaicin ya ɗan sassauta.

Wata ranar Laraba da la'asar ya ƙaraso yana ɗingishi, sai ya ga hayaƙi yana tashi. A ciki wata mata ce zaune, ƙafafunta duk bororo, littafin a buɗe a gabanta. Marama ce, 'yar Tipene, wadda rabonsa da ita tun ranar jana'izar ubanta.

Ta ce, "Kawu Merv, ashe Baba yana nan yana yawon ganin barewa, mu muna can muna kai fure kabarinsa?"

Ya sauke jakarsa a hankali. "Wa ya gaya miki?"

"Wani maharbi ne ya fake a nan, ya ga sunan, ya je ya tambayi Mama ko akwai wani Tipenen. Kwana biyu ba ta ci abinci ba."

"Bukkar za su rushe, 'yata. Ubanki ne ya kafa ƙofar nan."

"Shi ya sa ta karkace." Ta ɗan yi murmushi, sannan ta ɗaure fuska. "Kuma Baba ya ga barewa ya ƙyale? Ko ƙaryar ma ba ka iya ba, Kawu."

Kunya ta kama shi, irin wadda bai ji ba tun yana yaro. Ya rasa abin yi sai ya dafa shayi, ya miƙa mata safarsa ta leda. Ta karɓa ta saka.

Da ta shanye sai ta miƙo hannu. "Ba ni biron."

Ta bi shafi-shafi tana soke sunan ubanta, layi ɗaya a miƙe, har wuri shida. Sannan ta rubuta nata a ƙasa. Ta ce, "Shekara tara ke nan da rasuwarsa, ka bar shi ya huta. Sauran kuma naka ne, ba ruwana."

"Za ki sake zuwa?"

"Da waɗannan ƙafafun? Ba zan yi maka alkawari ba."

Washegari ta kama hanya, don aiki na jiranta ranar Litinin. Ya tsaya a bakin ƙofa har bishiyoyi suka haɗiye jar rigarta, sannan ya koma ya zauna gaban littafin.

Soke sunan Noel bai ba shi wahala ba, har yana cewa, "Yi haƙuri, abokina." Da ya zo kan Glenys sai hannun ya tsaya. Ya sake karanta faɗan da take yi kan kofuna, duk da shi ya rubuta da hannunsa. Shayinsa ya huce, wutar ta ci ta koma toka, bai tashi ya ƙara itace ba. Can ya ja layin.

Ya ƙirga abin da ya rage, ko da yake ba sai an ƙirga ba. Shi, da maharbin, da Marama. Ya rubuta kwanan wata da sunansa. A gurbin da ake faɗin yawan 'yan tafiya, ya sa ɗaya.