Duwatsu Masu Zafi a Hanyar Barmu

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan manta kwanan da muka yi cikin kamiyo, wato babbar motar kaya, a hanyar Barmu ba. Shekarun farkon 'yancin kai ne, ina direban wani ɗan kasuwa a Tawa. Na je ɗauko matata daga wankan jego, da ɗanmu na fari, sai surukata ta ce za ta rako su.

Lokacin hunturu ne, amma sanyin bai dame ni ba, don ina taƙama da wani ɗan resho na lantarki da na saya hannun Bature mai komawa gida. Da magariba taya ta fashe a tsakiyar fako. Na jona reshon da batir, matan suka ji ɗumi, ni kuwa ina ta hura hanci. Kafin in gama gyara batir ya mutu. Ba ɗumi, ba tafiya, ga jariri ya fara atishawa. Gaskiya na tsorata.

Matsalar ita ce ni da surukata ba ma haɗa ido, balle magana. Sai na ji ta ɗaga murya tana yi wa jaririn zance: "Kai ɗan ga, hwaɗa ma ubanka ƙasag ga ba ta rasa duwatsu ba, kuma wuta ba ta ƙi su ba."

Nan take na gane. Na hura wuta da kirare, na gasa duwatsu, ina naɗe su cikin buhu ina miƙawa ta taga, fuskata a juye. Ita kuma tana jera su ƙarƙashin tabarma. In sun huce, ta sake aiko jaririn da saƙo. Haka muka yi har asuba, yaron da bai san sunansa ba yana ta kai da kawowa tsakaninmu. Yatsuna duk suka ƙone, ban ji ba.

Da gari ya waye na leƙa, na gan shi yana barci, har da gumi a goshi. Surukata ta miƙo bargonta ta taga, tana kallon wani gefe, ta ce: "Hwaɗa mishi shi ma ɗan wani na, shi ruhe jikinai."

Wasu makiyaya suka tura mu motar ta tashi. Har ta rasu ba mu taɓa hira ba, amma bargon yana nan wurina. Ranar na koyi cewa mutum zai iya ƙaunarka sarai bai taɓa kallon idonka ba.