Galan ɗin Zamzam da Na Cika da Hannuna

Salamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ban ce uffan a shafin nan ba. Waɗanda suka kira ni, ce musu na yi gyambon ciki ne. Ƙarya na yi, ku yafe ni.

Wata safiyar Talata cikin Sha'aban, ina kwance da zazzaɓi da mura a ɗakinmu na unguwar Nuzla, na ga Ummi mahaifiyata ta shigo riƙe da farin galan na zamzam mai ɗan tsagu a mariƙi. Na ga tsagun nan sarai. Idona ya gani, kaina bai lissafa ba.

Ummi sobiya take yi da zoɓo, a azumi har daga unguwar Madain Fahd ake zuwa saye. Sobiya kuwa sha'ir ce da busasshen burodi, a jiƙa su kwana biyu suna tashi. In roba ba ta da tsabta, kafin la'asar ta yi tsami ta kumbura. Wankin robobi da bokitai aikina ne. Hodar kilorin nake samowa, irin ta wanke tankin ruwa, wajen wani abokin aikina a tashar jirgin ruwa. Ɗan bakin cokali a bokiti, a yi aiki da shi ranar, a zubar da saura. Shekara uku haka nake yi.

Bana sai na yi wayo. Na ce me zai sa kullum in tsaya awo? Na kwaɓa mai ƙarfi wanda zai kai sati, in riƙa tsiyaya kaɗan-kaɗan. Na nemi abu mai murfi, ban samu ba sai galan ɗin zamzam da ya ƙare. Inna Asabe maƙwabciyarmu tana shanya, ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Ya waladi, ɗana, gidan zamzam ne fa wannan." Na ce, "Halas, ba komai Inna, sati ɗaya ne kawai."

Ban rubuta komai a jikinsa ba. Na tura shi ƙarƙashin wurin wanke-wanke.

Ummi na shara ta gan shi. Zamzam a ƙasa, kusa da kwandon shara? Ta goge shi ta mayar saman firij, inda muke ajiye zamzam tun ina yaro.

Safiyar nan ta zuba min a kofi ta ce, "Tashi Basiru, fuskanci alƙibla, ka sha ka ƙoshi." Hancina a toshe yake. Ita kuma hannuwanta da kicin ɗin kullum warin kilorin suke, ba ta ji bambanci ba. Na yi bisimilla na yi kurɓa biyu manya. Ta uku ba ta wuce ba.

Kamar na haɗiyi garwashi.

Ummi ta ruɗe, ta sa min yatsa a maƙogwaro na yi amai, ta ɗura min madara. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta mutu a lokacin, sai asibitin kuɗi muka nufa. Riyal dubu uku suka ce kafin su ba ni gado. Awarwaronta na zinari ya tafi a ranar.

Likitan ya tambaya da Larabci, "Wa ya sa shi amai? Abin ya ƙona shi sau biyu, shigarsa da fitarsa." Ummi tana jin Larabci tsaf. A ƙasa ta zauna, a gaban mutane.

Suka zura min roba mai kyamara ta baki. Kwana tara ba ci ba sha, sai ƙarin ruwa. Ko yawuna ba na iya haɗiyewa, a kofi nake tofarwa. Bayan sallama hanyar abincin ta tsuke, sau huɗu na koma ana buɗa ta. Kullum kafin su sa min allurar barci sai in yi kalmar shahada. Ranar da na haɗiyi kunu cokali uku, kuka na yi. Yanzu ina cin shinkafa, nama ne dai sai an daka.

Amma ba wannan ya dawo da ni nan ba.

Ummi ta ɗauka ita ta zuba abin ta manta. Ta ce tsufa ya kama ta. Ta daina sobiya, azumi ya wuce ba ta jiƙa ko mudu ɗaya ba. Ta daina miƙa min komai da hannunta, ko ruwa sai ta ce in ɗauka da kaina. Ni kuma na yi shiru. Na ce a raina sai na fita asibiti in faɗa mata. Na ce sai bayan sallah. Wata bakwai.

Juma'ar da ta wuce na durƙusa a gabanta na faɗa mata.

Ta kalle ni. Ta ce, "Kana jina ina kuka a sujada, Basiru? Kana ji?" Na ce ina ji. Ta tashi ta shiga kicin, na ɗauka shi ke nan. Sai ga ta da kofi. Ta shinshina, ta kurɓa, ta miƙo min. "Karɓi, ya majnun."

Sobiya dai har yau ba ta ce za ta koma ba. Robobin na nan a buhu.

Alhamdu lillahi da Ya bar ni da rai da murya. Na gode wa abokan aikina da suka riƙe min gurbina.

Masu yin sobiya da zoɓo da kunun zaƙi a gida, ku haɗa ruwan wankin robobi na ranar kawai, ku zubar da saura. Kada ya shiga mazubin abin sha, balle na zamzam. In dole ne a ajiye, a rubuta, ko a ɗaura masa jan ƙyalle, kowa a gidan ya sani. In wani ya sha, kada a sa shi amai, a ruga asibiti da galan ɗin a hannu.

Wanda yake ganin na ɗauki laifin ne don in wanke mahaifiyata, ya tambayi Inna Asabe. A gabanta na cika galan ɗin. Ita ce ta zo dubiya ta sunkuyo kunnena ta ce, "Ni ba zan faɗa ba. Bakinka ya warke ka faɗa da shi."