Man da na shafa wa tayar babur ɗin mijina

Lokacin da abin nan ya faru shekaruna ashirin da uku, da goyon 'yar wata takwas, ban fi shekara ɗaya da rabi da zuwa Kuala Lumpur ba. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya. Maigidana ne mai karatun, digiri na uku ya kawo shi, na biyo shi muka zauna a hawa na tara na wani bene a unguwar Wangsa Maju. Ni matsoraciya ce, ko tari yarinya ta yi sai na kasa cin abinci. Amma Allah ya ba ni ido, abin da wani zai wuce bai gani ba ni sai na gani. Ina jin wannan ne ya ruɗe ni har na ɗauka duk abin da na gani na fahimce shi.

Maigidan yana da babur, irin mai ƙugin nan da ake kwanciya a kan tanki. Lokaci-lokaci akan buɗe wa mutane filin tseren da ke can bayan gari, kowa ya kai nasa ya zagaya. Tare suke zuwa da abokinsa, wani Kirista ɗan Filato da ke unguwar Sentul, wanda ke gyara wa 'yan Najeriya babura, kuma shi ke duba masa iskar taya. Matarsa ce ta tsaya a kaina ranar da na haihu. Ni dai duk ranar tafiya sai na yi kuka, in ce so yake ya mayar da 'yarsa marainiya a ƙasar mutane. Rannan ya ce abin da ke masa ciwo, ko sau ɗaya ban taɓa yi masa fatan alheri a kan abin da yake so ba. Maganar ta tsaya mini a rai.

Ana gobe za su tafi, yana makaranta, na goya yarinya na sauka wurin ajiye motoci da bokiti da soso, na wanke babur ɗin tas. Sai tayoyin suka yi mini fari-fari, duk sun yi kaushi. Na daɗe ina lura masu wankin mota na ƙasan gidanmu suna shafa wani mai da ke sa taya ta yi baƙi wul tana ƙyalli. Na sayo kwalba ɗaya a kantin kusa, na zauna ina juya tayar da hannu ina shafawa, har wurin da take taka ƙasa ban bari ba. Na lulluɓe shi da tamfol, raina fes.

Washegari tun asuba ake yayyafi, garin da sanyi-sanyi. Da maigidan ya yaye tamfol ya ga tanki na sheƙi sai ya yi dariya, ya ce wa abokin, wanda ya zo ɗaukarsa, Madam ce fa ta wanke. Abokin ya tsokane ni wai yau shugabar 'yan adawa ta sauya jam'iyya, dole a ba ta kujerar gaba. A gurguje suka ɗora babur a bayan motar abokin saboda ruwa, na bi su, zuwana na farko kenan. A filin ruwa ya ɗauke amma kwalta da danshi. Abokin ya yi mini bayani cewa in da sanyi roba tauri take yi, ba ta kama ƙasa sai ta ɗau zafi, don haka za a fara zagayawa a hankali, ya kuma ɗan rage iskar tayar. A nan na ga abin. Ruwan da ke kan tayoyin mutane kwance yake, na kan tamu kuwa ya tsaya ƙwaya-ƙwaya kamar a faranti mai maiƙo. Gabana ya faɗi. Amma na yi shiru, kada a ce daga zuwa na fara halin nawa.

A lanƙwasa ta uku ta hanyar tseren, ko gudu maigidan bai fara ba, babur ya zame daga ƙarƙashinsa. Ina tsaye bakin shinge na ga mijina yana mirginawa cikin tsakuwa. Ƙashin kafaɗarsa ya karye da haƙarƙari biyu. A asibiti ya ce ba kowa ya jawo masa ba sai abokin, shi ya rage iska fiye da kima. Bawan Allah nan shi ya kai mu, shi ya sayo mana abinci, amma maigidan ya juya fuska bango ya ce kada ya ƙara zuwa. Da muka dawo gida na nuna wa mai wankin mota kwalbar, na tambaye shi ko ana sa wa babur. Ya dafe kai ya ce ko kusa, santsi ne zalla. Na jefa ta a shara na ja bakina. Sati uku matar abokin na kirana ina kallon wayar har ta katse.

Rannan da hantsi ya ce in riƙe masa waya tunda hannunsa ɗaya a ɗaure yake, zai tura saƙon murya a zauren hira na 'yan Najeriya masu babur, kowa ya daina bai wa mutumin nan gyara. Da gyaran nan yake ciyar da iyalinsa. Na aje wayar, na durƙusa na faɗa masa komai. Ya ce in ɗauko mayafina, mu tafi wurin abokin.

A Sentul ni na yi maganar da bakina, ina kuka. Abokin ya ce in tashi, ai ya sani. Tun a filin, da ya je ɗauko babur ɗin, ya shafa tayar ya ji santsi da ƙamshin man wankin mota, ya kuma tuna wadda aka ce ta wanke. Maigidan ya tambaye shi don me bai faɗa ba. Ya ce ya ga fuskata a asibiti, yarinya ƙarama da goyo, ba uwa ba uba a ƙasar nan, sai ya ga shi ya fi ni iya ɗaukar fushin. Ban taɓa ganin hawayen mijina ba sai ranar.

Man na shafa ne cikin rashin sani, wannan na yafe wa kaina. Shirun da na yi a bakin shinge, da na sati ukun nan, su ne har yau nake neman gafarar Allah a kansu. 'Yan'uwana mata, kayan aikin da ba ku san kansa ba ku tambaya kafin ku gyara, ko da niyyarku ta kai madara fari. In kuma idonku ya ga abin da bai yi muku ba, ku faɗa a take, a yi muku dariya. Har yau kafaɗar nan tasa ba ta koma daidai ba. Da na yarda an yi mini dariyar rannan, da mijina yana ɗaga 'yarsa sama da hannu biyu, ba da ɗaya ba.