Ƙwaron Merle

Shekara arba'in da ɗaya Lorraine Hostetter ta yi tana ɗaura ƙwarin bogi a kan teburin kicin ɗinta, a wani ƙauye na tsakiyar Pennsylvania, kuma ko guda ba a taɓa kira da sunanta ba. 'Yar ƙugiya ce kamar ƙwayar shinkafa, za ta naɗe ta da zare da gashin zakara da na zomo, har ta zama ƙwaron da kifin turawut zai gani ya ruɗu. Wanda ya fi fice, ɗan toka-toka mai kama da ƙwarin da ke maƙale a ciyawar ruwa, ita ta ƙirƙiro shi tun tana goyon fari. Amma daga shagon kayan fatsa har ƙungiyar masunta, sunansa Ƙwaron Merle.

Merle mijinta ne, mutumin kirki, ga baki kamar rediyo. Injin fasa dutse ya cinye masa yatsu biyu tun yana saurayi, ko maɓallin riga da ƙyar yake sawa. Shi dai ke kai kaya shago, ya tsaya a sha kofi a yi ta zuƙi ta malle a kan girman kifi. Ranar da mai shago ya tambayi sunan sabon ƙwaron, ya yi dariya ya ce a sa nasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lorraine ta yi shiru, don gani take abin bai kai a yi faɗa ba. Bayan Merle ya rasu, shirun nan ya riƙa cin ranta, tana son ko mutum ɗaya ya san gaskiya kafin ta bi shi.

Rafin bayan gidanta mugun rafi ne. Ruwan garau, tafiyarsa a hankali, kifin kuma ya ga masunta har ya gaji. A nan ta tsinci Curtis Brandt, likitan haƙori da ya yi ritaya daga Pittsburgh, tsaye tsamo-tsamo a tsakiyar ruwa da kayan dala dubu biyu. Mako uku ke nan bai kama ko ɗan ƙaramin kifi ba.

"Likita, wannan farar hular fa? Biki za ka?" in ji ta. "Cire ta. Ka kuma fito daga ruwan nan, kana ta facal-facal kamar saniya."

Ya fito. Ta ce ya durƙusa.

"Da gwiwoyin nan nawa, Mama Lorraine?"

"Kifin bai tambayi shekarunka ba. Inuwarka yake kallo."

Ta sa shi zaman rabin awa ba jefa ƙugiya, sai kallo. Ta cizgo ciyawa ta nuna masa abin da ke motsi a ciki. Ta koya masa ya rarrafa, ya bar rana a gabansa, ya yi gajeren jifa sama da kifin, ya bar ruwa ya kawo ƙwaron da kansa, kada ya ja. Ya saurara, a gaskiya, ya fi Merle saurare.

A rana ta tara ya kama kifi da Ƙwaron Merle. Ya cire ƙugiyar, ya saki kifin, ya zauna a laka yana dariya. A nan ta faɗa masa abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

"Ƙwaron nan nawa ne. Merle bai taɓa ɗaura ko guda ba."

Ya kama hannunta ya ce, "Na gane, Mama." Ta koma gida zuciyarta wasai.

Da kaka ƙungiyar masunta ta yi taronta a zauren coci. Lorraine ta kawo kek ɗin tuffa faranti biyu kamar kullum. Curtis ya tashi yin jawabi, ta gyara zama.

"Duk abin da na sani game da rafin nan," in ji shi, "daga Merle na same shi, ta bakin matarsa, wadda ba ta manta kalma ɗaya tasa ba."

Aka yi tafi. Ya miƙo mata kyauta, ƙwaro guda a cikin gilashi, an rubuta a ƙasa cewa marigayi ne ya ɗaura shi da hannunsa. Ta dubi ƙwaron. Kansa da jan zare, wanda ta zare daga rigar 'yarta wata rana da baƙin zare ya ƙare mata.

"Likita, ai na faɗa maka," ta ce a hankali.

"Kin faɗa, Mama. Zaman shekara arba'in ba wasa ba ne, dole ki ji kamar naku ne ku biyu."

Ashe tausayinta ya ji a bakin rafi, ba yarda ya yi ba. Wannan ya fi shirun ciwo. Wata mata ta leƙo daga kicin tana tambayar ina wuƙar yanka kek ɗin, Lorraine ta tashi ta nemo mata.

Ranar Litinin mai shago ya bugo waya, wai bayan jawabin Likita kowa Ƙwaron Merle yake nema, yana son dozin goma kafin Asabar.

"Ku tambayi Merle," in ji ta, ta ajiye wayar.