Ranar da Mama ta zare wa kwamfuta waya

A gidanmu a Kafanchan doka ce, da hadari ya haɗu sai Mama ta bi ɗaki-ɗaki tana zare wayoyin wuta. Tun da tsawa ta ƙone mana talabijin take haka, ba ta kuma neman izinin kowa. Na san wannan sarai, amma ranar Asabar ɗin kaina bai kawo ba.

Tsohuwar kwamfutarmu ta tebur ta ishe ni da nauyi, sai na ce bari in sa mata sabon tsarin aiki, wato babbar manhajar da ke tafiyar da komai. Abu ɗaya ne a cikinta da ba ni da madadinsa: muryar Baba. Shekara guda kafin ya rasu na je ƙauyenmu kusa da Nok, na ɗauke shi yana rera waƙoƙin haƙar citta da yarenmu. Na ajiye kwafi a filashi, ɗan abin ajiyar fayiloli da ake soka wa kwamfuta. To, ni mai wayo, filashin nan na ɗauka na zuba sabon tsarin a kai, ban san zubawar tana share duk abin da ke ciki ba. Sai da aikin sa tsarin a kwamfutar ya yi nisa na gane.

Allon ya rubuta cewa yana matsar da tsofaffin fayiloli gefe guda, kada a kashe. Na zauna ina kallon layin da ke nuna ci gaban aikin yana jan ciki. Ban ma ji iska ta taso ba.

Ɗif! Allo ya yi baƙi. Na waiga, ga Mama riƙe da wayar wutar kwamfutar a hannu.

"Mama! Me kika yi? Baba na ciki!"

"Ke, ba ki ji tsawa ba?" in ji ta. Sai kuma ta dubi wayar, ta dube ni. "Wane Baba?"

Na yi mata tsawa irin wadda ban taɓa yi ba, har yau ina jin kunyarta. Ta fita. Ruwa ya yi ta zuba, ni kuwa na kasa kunnawa don tsoro, sai addu'a nake, ya Ubangiji ka yi mini jinƙai.

Da aka ɗauke ruwan na kunna. Tsohon tsarin ya ƙi tashi. Na sake sa filashin, na shiga ta sabon tsarin da ke kansa, komai baƙo, ban san inda ake danna komai ba. Na yi ta lalube har na ga fayil ɗin, na danna.

Baba ya yi gyaran murya, ya yi gaisuwa da yare kafin ya fara waƙa. Daga bakin ƙofa na ji Mama ta amsa masa.