Ruwan Bagaruwar Majema

Ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni kamar mai hankali na dawo jaki ba. Lokacin ina share ɗakin haƙori a asibitin ma'aikatan uraniyom a Arlit. Bokona bai wuce sa hannu ba.

Shekarun tawaye ne, ga fari, kasuwar dutsen ta faɗi. Mota ba ta zuwa daga Agadas sai da rakiyar soja. Cukun manyan kamfani bai taɓa yankewa ba, amma zabel ɗinmu, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ƙare.

Ku da ba ku san aikin ba: in haƙori ya ruɓe har jijiya, lokotoro, wato likita, kan huda shi, ya zare jijiyar, ya wanke ramin da ruwan zabel mai sauƙi, sannan ya toshe. In ba a wanke ba, sai cirewa.

Aka kawo Alhuseini, direban Abzin, haƙorin gaba ya kumbura masa leɓe. Ayarinsu bayan azahar zai tashi. Lokotoro, mutumin Damagaram ne, ya huda, ya ce ya karanta cewa bagaruwa na kashe ƙwayoyin cuta.

"Baba Idi, samo mini ruwan bagaruwa. Maza!"

Shi nufinsa a tafasa sabuwa a tace. Bai faɗa ba. Ni ko ɗan Tawa ne, ruwan bagaruwa ɗaya na sani: na majema, inda ake jiƙa fata. Na ruga bayan kasuwa na ciko kwalba, har ina zaɓen mai kauri.

Lokotoro ya zuƙa a sirinji, allura ta toshe. Ya ɗaga ta ga haske, sai ga gashi.

"Baba, wannan na mene ne?"

"Na akuya ne, Lokotoro. Ja."

Alhuseini na kwance baki buɗe, ya zabura: "Ni haƙori na kawo, ba salka ba!"

Kafin a samo wata a tafasa, motocin ayari sun fara danna oda a tasha. Ba a sakin mutum cikin hamada da haƙori a huje yana ruwa. Aka cire.

Tun ranar na gane aikinmu: mai ilimi ba ya ƙarasa magana, jahili ba ya tambaya, mai haƙori ke biya.

Da zai fita, Alhuseini ya ja rawaninsa ya rufe baki, ya dube ni, ya nuna kaina:

"Tsoho, ni na rufe giɓina. Kai da me za ka rufe naka?"